Jar Masarar Mushe Lare

Hannunta na fara gani. Muna tsaye a tashar Sokode, ina kakkaɓe jar ƙasar hanya daga jikin kwat ɗina, sai wata mata ta miƙo hannu ta karɓi goro a wurin Kawu Sahabi. Hannun jawur yake tun daga kan yatsu har ya wuce wuyan hannu, ba zane, ba fure, kamar an tsoma shi a tukunya an ciro. Na ce a raina amarya ce, haka suke ƙunshi a ƙasar nan. Kafin in ɗaga kai in ga fuskarta na riga na raɗa mata suna, na ba ta gidan bene da masoyin da ya ci amanarta, na kuma ajiye wa kaina wuri a tsakiyar labarin.

Da wannan nake farawa duk lokacin da aka tambaye ni labarin Togo, kuma an tambaye ni har na gaji. Abokaina da ke zama a bakin shagona a Jega, inda nake ba da hayar littattafan soyayya, ba sa bari in sha shayi lafiya. "Lawali, wai da gaske ka taɓa zama darakta a ƙasar Faransi?" Shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, kuma wannan ba haya.

Kawu Sahabi ƙanen mahaifiyata ne, falke ne na takin zamani. A shekarun nan gwamnatinmu tana rage wa manoma tsadar taki, ita kuwa ta Togo ta janye hannunta, don haka duk buhun da ya tsallaka iyaka darajarsa ƙaruwa take yi. Idon Kawu ya fara hazo, yana son wanda zai riƙa karanta masa allunan hanya. Ni kuma duk littafin da na karanta, a hanya jarumi yake haɗuwa da wadda za ta sace zuciyarsa. Na sa aka ɗinka mini farin kwat da wando, na sayi baƙin tabarau, na cika jakar hannu da littattafai. Da Kawu ya gan ni a bakin mota sai ya daɗe yana kallona, ya ce, "Taki za mu kai, ɗan nan, ba gaisuwar surukai ba."

Ƙarshen bazara ne, lokacin da Togo ke cikin rikicin demokuraɗiyya, ana ta dogon yajin aikin nan. Direbanmu Ɗan Dosso ne, mutumin Nijar, dogo, ba ya magana sai ta kama. Mun bi ta Kamba muka ratsa ƙasar Binin, muka kwana a Paraku, sannan muka karya yamma ta wata hanyar burji da ta kusa zazzage mini hanji. Ta Kambole muka shiga Togo.

A kan iyakar ne na fara jin wani abu a jikina. An gitta gora a hanya, ofishin duwan, wato kwastan, a buɗe, tebur da kujera da tambari duk suna nan, amma ba kowa sai wata akuya kwance a ƙarƙashin teburin tana tuƙa. Muka yi sallama, muka yi ham, shiru. Can wata mai sayar da soyayyen cuku, wanda suke kira wagashi, ta nuna mana gindin mangwaro da baki. Wani mutum ne zaune cikin singileti, hular aiki a kan gwiwarsa. Ya ce shi yajin aiki yake, ba zai buga tambari ba, domin buga tambari aiki ne. Kawu ya tambaya ko karɓar kado, wato ɗan na goro, shi ma aiki ne. Mutumin ya yi tunani sosai, ya ce a'a, wannan zumunci ne. Gorar kuwa bai taɓa ta ba, Ɗan Dosso ne ya ɗaga ta da kansa, muka wuce, ya sake mayar da ita yadda take.

Sokode gari ne na Musulmi, 'yan ƙabilar Kotokoli, da masallatai ko'ina, har mutum ya ɗauka gida ya zo. Amma da rana tsaka muka shiga, shaguna a rufe, ciyawa ta fito a filin makaranta har gwiwa, kwalta duk tabon tayar da aka ƙona. A wata mararraba samari suka tare mu da benci da duwatsu. Ba su kalli takin ba, ni suka kalla. Ɗaya ya nuna kwat ɗina yana ta Faransanci, sauran suka matso. Ɗan Dosso ya ce mini a hankali, "Sun ce kai na gwamnati ne." Kawu ya leƙa ta taga ya ce, "Ku yi haƙuri, samari, ɗan yayata ne, littafi ne ya taɓa masa kai." Suka yi dariya suka janye bencin. Na ji haushin Kawu.

A unguwar Zongo muka sauka, gidan wani dattijo mai karɓar fatake. A zaurensa akwai hoton Ka'aba rataye a ƙusa. Da wata mota mai launin soja ta tsaya a ƙofar gida sai ya miƙa hannu ya juya shi, sai ga hoton shugaban ƙasa a bayan. Motar na tashi ya mayar, bai ko katse maganar da yake yi ba. An kawo mana waace, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi, da yaji mai sa hawaye, da yamma kuma sakwara, wadda mata ke kewaye turmi guda suna kirɓawa ba tare da taɓarya ta bugi 'yar'uwarta ba. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo. Mace za ta durƙusa har ƙasa, ita da wanda take gaisarwa su yi ta amsa wa juna da ƙaramar murya har ka ɗauka addu'a suke yi.

A zauren nan na ji ana musu a kan noma. Wani manomi daga Ajengire, mai ƙaton rawani da tsagaggiyar dunduniya, shi ya fi kowa zafi.

"Sun ce mu bar dawa mu shuka auduga, muka shuka. Sun ce ga masara ta zamani, ku daina ajiye iri, kowace shekara za mu kawo sabo, muka daina. Yanzu masu ba ƙasa rance sun ce gwamnati ta cire hannu daga taki. 'Yan adawa sun ce in sun hau komai kyauta. Na kasa kunne ga rediyo tun da aka fara taron ƙasa a Lome, lauyoyi suna ta magana, ban ji wanda ya ce iri ba."

Mai masaukinmu ya ce, "Ka yi haƙuri a yi zaɓe tukuna."

"Ka gaya wa hadari ya jira zaɓe, Alhaji. Ni ba ya jin maganata."

Washegari Kawu ya ce in raka shi wurin matar nan mai jan hannu. Sunanta Barikisu. Na fesa turare, na tsara kalaman da zan faɗa. Gidan yana bayan gari kusa da rafi, kuma tun daga ƙofa na ji wani abu bai yi daidai ba, sai dai na kasa gane ko mene ne. Mata ne durƙushe a gaban manyan bahuna suna cuɗa masara a ruwa, kowacce hannunta ja. Ruwan da ke bin kwata ja. An shanya masara a tabarmi ta cika tsakar gida. Sai a lokacin na gane abin da ya dame ni: ga hatsi shanye a rana, amma ba kaza ko ɗaya, ba tattabara, ba ƙuda, ko ƙadangare babu a jikin katanga. Ba a ma sa kowa gadi ba.

Na daure na ce, "Baiwar Allah, ƙunshin nan naki ya kama. Yaushe aka yi bikin?"

Barikisu ta dubi hannunta, ta dube ni, ta faɗa wa sauran matan da yarensu. Wata har da kwantawa a kan buhu don dariya.

"Malam, 'ya'yana sun kusa kai ka tsawo. Wannan ba lalle ba ne. Irin gwamnati ne. An sa shi magani don ɓera da ƙwaro kar ya ci, an sa shi ja don mutum ya sani. Yanzu ma'aikata ba albashi, suna buɗe mangaza, wato rumbun gwamnati, suna sayar wa 'yan kasuwa. Mu muna wanke shi ya yi fari, a kai kasuwa."

"A ci?"

"A'a, a yi ado da shi."

Na tuna kokon da na sha da safe. Na tambaye ta ko na masara ne. Ta ce, "Ai ga ka tsaye."

A nan na san abin da ya kawo Kawu. Ya ji labarin wata mangazar gwamnati a can arewa, bayan Dapawong, cike da irin nan ba a taɓa ba. Niyyarsa ya ba mai tsaronta taki ya karɓi masarar, Barikisu ta tara mata a can su wanke. Na ce, "Kawu, guba ce fa." Ya ce, "An wanke, an ci, ba a mutu ba. In ban ɗauka ba wani zai ɗauka." Barikisu tana ɗaure kayanta ta ce, "Agwagina dai sun mutu, Alaji. Ni ba na ci, 'ya'yana ba sa ci." Amma ta hau motar, domin mijinta ma'aikacin gidan waya ne, shi ma yana zaune a gida.

Hanyar arewa ta bi ta wani dutse da aka tsaga biyu, mota na ratsa tsakiyarsa kamar zare a kafar allura, gefen kwarin kuma gawarwakin manyan motoci ne. Kusa da Kara sojoji suka tsayar da mu. A Sokode kwat ɗina ya mai da ni na gwamnati, a nan kuma ya mai da ni ɗan jaridar 'yan adawa. Suka zazzage jakata. Babbansu ya ɗauki littafi guda, ya juya shi, ya ce in karanta a ji abin da na rubuta a kansu, Barikisu ta fassara. Haka na tsaya a rana, bakin bindiga yana kallon cibiyata, ina karanta yadda wani saurayi ya kasa cin abinci saboda budurwarsa ta yi masa kallon banza a bakin famfo. Barikisu tana fassarawa tana dafa ƙirji. Sojan ya saurara har ƙarshen shafi, ya tambaya ko yarinyar ta dawo. Na ce ta dawo. Ya riƙe littafin, ya sallame mu. Daga nan Barikisu ta daina kirana Malam. "Direkta, matsa mini." "Direkta, kwat ɗinka ya sha miya."

Bayan Mango ƙasa ta buɗe, ta koma kamar tamu, kuka da ɗorawa da kaɗanya. A bakin hanya muka riƙa wuce tarin auduga, tun ta kakar bara, an tara a wurin awo ana jiran motar gwamnati da ba ta zo ba. Ta yi ruwan ƙasa, ta lotsa, wani wurin har ta fara tsiro. Ko'ina aka yi tarin za ka ga tsoho guda zaune a gefensa da sanda, ba ya ɗaga hannu, ba ya bin mota da kallo.

A Dapawong muka sauka wurin mahauta Hausawa, muka ci tuwon gero da miyar kuka da naman zabo, na ji kamar a ɗakin mahaifiyata. Mutanen yankin kuwa 'yan ƙabilar Moba ne. Ba sa cunkushe gari kamar mu, kowane gida yana tsakiyar gonarsa, zagayayyun ɗakuna da rumbuna an haɗe su da katanga. An yi ruwa mai kyau kafin zuwanmu, ƙasa ta jiƙu, ƙamshinta ya cika ko'ina. Da hantsi muka kama hanyar Naki ta gabas. Gonaki a share, an yi huɗa, kunya-kunya a miƙe har iyakar gani, amma ban da ɗan geron da ke jikin gidaje ba abin da aka shuka. Ba kowa a gona. A irin wannan rana a Jega ko mai jego tana waje.

Sai da muka iso mangazar muka ga inda mutanen suke. Dogon gini ne na bulo da rufin kwano, da ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo. A gabansa mutane ne zaune a ƙasa, maza da mata, sun fi ƙarfin kasuwar ƙauye, kowa da ƙwarya ko kwano a gabansa, ba komai a ciki. Ba mai magana. Jarirai ma ban ji kukansu ba. Da motarmu ta tsaya sai duk suka juyo gaba ɗaya, suka miƙe tsaye. Da suka ga buhunan taki da fuskar Kawu sai suka koma suka zauna, kowa ya mayar da idonsa kan hanya.

Malamin gonar da ke riƙe da mabuɗin sunansa Mushe Lare, wato Malam Lare da Faransanci. Siriri ne, ya fara furfura, rigar kakinsa ta koɗe amma ta sha guga. Ya shigar da mu ɗan ofishinsa da ke jikin mangazar, inda warin maganin ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kawu ya yi masa bayani a tsanake, ya nuna masa takin ta taga.

Lare ya ce, "Alaji, wannan ba abinci ba ne. Iri ne."

"Iri a cikin ɗaki? Ruwa ya sauka, Mushe. Ka ba su su shuka, ko ka ba ni."

"Ba zan iya ba su ba."

Ya yi mana bayani da Hausarsa ta kasuwa. A da, ba mai sa ƙwaya a ƙasa sai wani tsoho da suke kira mai ƙasa ya fara. Da gwamnati ta kawo jar masara, tsohon ya ce kakanninsa ba su san wannan iri ba, mai shi ya zo ya buɗe abinsa. Tun daga nan kowace shekara wani babba yakan zo da mota daga birni, ya shuka 'yan ƙwayoyi a gonar gwaji da ke bayan mangazar, ya ce a buɗe, sannan a raba. Bana ba wanda ya zo. Lare ya je Dapawong a keke ya tarar da ofis a kulle. Mutanen kuma ba su da nasu iri da zai cika waɗannan gonaki, an hana su ajiyewa tun da daɗewa, ɗan abin da ya rage yunwa ta cinye.

Na ce, "To kai ka fara shukawa mana, ba kai ne gwamnati a nan ba?"

"Ni ɗan garin nan ne. In na riga tsoho sa hannu a ƙasa, ba wanda zai bi ni, za su ce shekara ya lalace. In na buɗe ba umarni, gwamnati zai ce na sata. Tsoho yana jiran gwamnati, ni ina jiran gwamnati." Ya nuna mutanen da haɓa. "Kullum suna zuwa da safe, su tafi da yamma. Ba su taɓa zagina ba. Da sun zage ni da na ji sauƙi."

Kawu ya ce, "In ka ƙara jinkiri lokacin masara ya wuce. Kuma wasu za su zo da guduma, ba da taki ba."

"Sun riga sun zo duba ƙofa."

Barikisu tana tsaye a bakin ƙofa tana sosa hannunta, wanda fatarsa ta fara tsagewa. Ta daɗe tana kallon matan da ke zaune. Sai ta ce, kamar da wasa, "Mushe, kana neman babba da mota? Ga Direkta."

Na yi dariya. Ba wanda ya taya ni. Lare ya dube ni daga tabarau har takalmi, a hankali, kamar mai taya sa a kasuwa.

Kawu ya ce, "Ke Barikisu, da kuɗin motata kika zo nan ki kashe mini ciniki?"

"Alaji, in sun shuka, wa za su nema? Mai taki. Ni ce na yi asara, ba kai ba."

Na ja Lare gefe na ce masa ni mai hayar littafi ne, ko gaisuwa ban iya da Faransanci ba, kuma in aka gane fa?

Ya ce, "Kai za ka hau mota ka tafi. Ni zan zauna. Abin da zai zo, wurina zai zo."

"To me ya sa za ka yi?"

"Na yi shekaru ina gaya musu su daina ajiye iri. Da bakina."

Na sha karanta inda jarumi ke fitowa gaban jama'a zuciyarsa kamar dutse. Ni tawa kamar ta ɗan tsako take. Ɗan Dosso ya koma da motar baya har bayan wata kuka, na goge kwat ɗina da jiƙaƙƙen tsumma, na zauna a gaba ni kaɗai, ya sake kawo ni yana danna ham. Mutanen da suka gan ni ɗazu ina saukowa daga bayan Kawu, su ne suka sake miƙewa tsaye. Lare ya ƙame ya sara mini. Ya buɗe ofis ya ɗebo jar masara a tafin hannunsa ya zuba a nawa. Sanyi gare ta, da wani gari-gari mai kama fata.

Muka zagaya gonar gwaji, jama'a na biye da mu, ba ka jin komai sai tafiyar ƙafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mai ƙasa yana tsaye a bakin kunyar farko, tsoho tukuf, da fatar akuya a kafaɗa. Ya matso har na ji numfashinsa. Ya dubi takalmina, ya dubi tabon miyar da ke hannun rigata, ya sa yatsa ya sauke tabarauna ya kalli cikin idona. Ya faɗi wata gajeriyar magana.

Na ce wa Barikisu ƙasa-ƙasa, "Ya gane."

Ta ce, "Kowa ya gane, Direkta. Ba wanda zai faɗi. Tona rami."

Na durƙusa da farin wandona, na yi bisimilla, na tona da yatsa, na zuba, na rufe da dunduniya kamar yadda ake yi a gida. Lare ya ce in yi magana. Abin da ya zo bakina kawai na faɗa, da Hausa: "A buɗe. Allah ya ba da damina mai albarka." Lare ya juya ya yi dogon jawabi da Faransanci, ya sake da yarensu, wai fassara yake yi.

Ba a yi guɗa ba, ba a yi tafi ba. Na ji ƙarar kwaɗo, na ji kukan ƙofar ƙarfe, sai mutane suka shiga layi. Kowa aka zuba masa ba ya komawa gida, gona yake nufa kai tsaye, wasu da gudu. Kafin la'asar duk filin nan da muka ratsa ba kowa ya cika da bayan mutane a sunkuye. Sai a lokacin na ji wata mata ta ɗaga murya tana kiran wani daga nesa, wani ya amsa, jariri ya fashe da kuka. Tun safe ban ji muryar garin ba sai a sa'ar nan.

Kawu bai yi mini magana ba har Mango, ko da yake takinsa bai kwana ba, 'yan kasuwar Dapawong sun kwashe shi da suka ji an yi shuka. Barikisu ta sauka a Sokode ba ta wanke ko ƙwaya ba. Na so in faɗa mata wata magana mai daɗi irin ta rabuwa, ta riga ni: "Ka gai da matarka, in ka samu." Na tambaye ta abin da tsohon nan ya ce. Ta ce ita Kotokoli ce, ba ta jin Moba, ta ɗauki kayanta ta shige kasuwa.

Ban sake komawa Togo ba. Bayan shekaru, har na yi aure na yi 'ya'ya, sai ga Ɗan Dosso a bakin shagona, ya yi furfura, yana jigilar albasa. Na tambaye shi Mushe Lare.

Ya ce masarar ta yi kyau a shekarar. Bayan girbi wasu masu kaki suka zo suka tafi da Lare, aka ce ya raba kayan gwamnati don ya saya wa 'yan adawa farin jini. An tambaye shi wane ne ya ba da umarni, ya ce wani babba ne daga birni, bai riƙe sunansa ba. An tambayi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce babba ne daga birni. Ya daɗe a tsare. Da aka sako shi idonsa ya tafi, maganarsa ta ragu, aikin ma babu, domin gwamnati ta bar harkar iri a hannun 'yan kasuwa, mangazar ko rufi ba ta da shi yanzu.

"Amma na gan shi bara," in ji Ɗan Dosso. "Na bi ta wurin da farkon damina. Har yanzu ba sa shuka masara sai an buɗe. Shi suke kamo wa hannu su kai gonar nan."

Na ce, "Ai ya ce ɗan gari ba ya buɗewa."

"Sun ce wanda ya dawo daga inda ya je ba ɗan gari ba ne kuma, baƙo ne. Suna zuba masa iri a hannu, su juya fuskarsa wajen hanya, kowa ya yi shiru. Can sai wani dattijo ya tambaye shi, sun zo? Ya ɗan saurara, ya ƙame, ya sara, ya ce sun zo. Sannan ya durƙusa."

Ɗan Dosso ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin.

"Yadda ya sara ɗin nan, Lawali, sai da na waiwaya. Motata ce kaɗai a hanyar, ni kuma ina tsaye a cikinsu."